Hular Fata da Kan Baba

Ni ba ɗan ƙwallo ba ne, ko gudun kirki ban iya ba. Shagon gyaran waya nake zama a Rusaifa, kuma duk wanda ya yi kasuwa a Makka ya san yadda gari ke mutuwa in alhazai suka watse. A irin wannan zaman kashe wandon na faɗa kallon ƙwallon Amurka, wadda ƙarti ke rungumar ƙwallo mai siffar gwanda suna gudu, suna karo da kai kamar raguna. Kallon bai ishe ni ba, sai da na koma tonon tarihinta, alhali ba wanda ya aike ni.

Na san cewa lokacin yaƙin duniya na biyu maza sun yi ƙaranci har ƙungiyoyi biyu suka haɗe suka buga a matsayin ɗaya. Na san suna yi wa ƙwallon laƙabi da fatar alade, alhali fatar saniya ce. Na san cewa 'yan wasan farko hular fata suke sawa, mai laushi, wadda in an tashi sai mutum ya ninke ta ya cusa a aljihu, wasu ma ba sa sawa don gani suke ragwantaka ce. In ɗan wasa ya sume, sai a shaƙa masa wani abu mai warin tsiya, yana farkawa a tura shi fili. Da na ɗauko irin wannan zance abokaina sai su ce, “Halas, ya isa haka, ya shehi, mun ji!” Ni kuwa ko a jikina.

Baba mahauci ne. Daga ƙauyen Kano suka zo aikin hajji shi da Umma tun ba a haife ni ba, suka zauna. Tsire yake yi a unguwar Mansur, wanda Larabawa ke layi a kansa suna kiransa siriya. Mutum ne mai sanyi, ban taɓa jin ya ɗaga wa Umma murya ba. Mun san ya yi dambe da ƙuruciya, hancinsa a karye yake, yatsun damansa kuma sun murɗe. Amma ba a zancen a gidanmu, ya ce ya tuba.

Da mantuwa abin ya fara. Ya zuba wa nama gishiri sau biyu, ya miƙa wa mai saye tsire ɗanye. Harshensa ya yi nauyi, hannu ya kama rawa. Wata Juma'a ya fita Harami bai dawo ba, sai a unguwar Tandabawi na tsince shi, yana neman gidan da muka tashi daga ciki tun ina yaro. A asibiti suka ce tsufa ne, suka ba mu ƙwayoyi. Wane irin tsufa? Sa'o'insa suna nan suna yanka raguna!

Sai ranar da ya mari Umma. Shayi ta kawo masa, ya dube ta ya ce wace ce wannan ta shigo masa gida, ya kai mata hannu, hannun daman nan. Wallahi da ba ubana ba ne, ban san abin da zan yi ba.

Umma ba ta yi kuka ba. Ta ce ba shi ba ne, iska ne, ko kuma an yi masa asiri a wurin sana'a. Ta samo wani malami ɗan ƙasarmu da ke karatu a nan, yana zuwa duk Juma'a bayan la'asar ya yi masa ruƙiyya. Ga zamzam, ga habbatus sauda, ga hayaƙin da ke cika ɗaki har ido ya yi ja. Duk ranar da malamin ya tafi sai ta ce min, “Yau ya ɗan gane ni, ka ga yadda ya kalle ni?” Wuƙaƙen Baba ta ɓoye su a saman kabad, amma tana sauko da su tana shafa musu mai kada su yi tsatsa. Farar jallabiyarsa kullum a goge take a rataye. Ta tabbata abin da ya shiga zai fita, mijinta zai koma bakin wutarsa.

Wata rana a shago na ci karo da wani shiri kan tsofaffin 'yan wasan nan. Matansu ne ke magana. Wannan ta ce nata ya manta hanyar gida, waccan ta ce nata da ba ya faɗa ya koma dukanta. Likitoci suka ce bugun da kai ya sha shekara da shekaru ne ke cinye ƙwaƙwalwa a hankali, kuma ba a tabbatar da cutar sai an mutu an duba. Nan take Baba ya faɗo min a rai. Su da suke da hula ke nan, ko ta fata ce. Ɗan dambe kuwa kansa a buɗe yake, ga dunƙulen hannu an naɗe shi da igiya.

Na rufe shago na kama hanyar gida. Haushi nake ji na hayaƙin nan da zargin mutanen da ba su ji ba su gani ba, kuma, Allah ya sani, har da murna, wai na gano abin da kowa ya kasa. Na sami Umma a kicin tana dama wa Baba kunu. Na zayyana mata komai, har hular da ake ninkewa. Na ce, “Umma, ba iska ba ne, ba kuma ƙin ki yake yi ba. Damben nan ne.”

Ta ci gaba da damawa. Can ta ce, “To shi wannan naka, yana fita?”

Na ce a'a.

Ta ajiye ludayin. Ta ce, “Ya bar dambe kafin ya aure ni. Ni na dame shi. Ina amarya na ce ba ni da burin da ya wuce in ga Ka'aba, kullum da ita nake kwana da ita nake tashi. Fawa ba za ta kawo mu ba. Sai ya koma fage, kaka bayan kaka, gari gari, har guzuri ya haɗu. Yakan dawo bai san ranar da ake ciki ba, ni nake gasa masa kai da ruwan zafi. Dariya ma nake masa.”

Ban taɓa jin wannan ba. Na so in ce wataƙila na yi kuskure, ai ni ba likita ba ne, mai gyaran waya ne. Na faɗa ma. Ko kallona ba ta yi ba.

Da Juma'a ta zagayo malamin ya zo, ta tare shi a bakin ƙofa, ta yi masa godiya, ta ce ya huta haka nan. Washegari ta ninke jallabiyar ta sa a akwati. Wuƙaƙen ta naɗe su a tsumma ta ce in kai wa wanda ya karɓi wurin Baba a Mansur. Na kai, ina tafe ina tsine wa ƙwallon Amurka da ranar da na fara kallonta.

Da na dawo na tarar da su a falo. Baba na zaune a ƙasa, ita tana bayansa tana shafa masa mai a ka, a hankali, tana bin tsofaffin tabban da yatsa. Ya waiwayo ya dube ta da ladabi irin nasa na da, ya ce, “Baiwar Allah, ke wace ce?”

Da can takan ce, “Ni ce, Alhaji, matarka.” Ran nan sai ta ce, “Ni ce wadda ta ce ka kawo ta Makka.”

Ya ce, “To, mun iso?”