Yadda na raɗa wa ɗiyata suna ta waya

Salamu alaikum jama'a. Isufu mai tsire ne, na bakin Gare, wato tashar jirgin ƙasa. E, ina nan da raina. Wata bakwai ban ɗora ko hoto ɗaya ba, har wani ya rubuto yana tambaya ko na koma Kwatano. Ban je ko'ina ba, jinya na yi.

Duk wanda ya san ni ya san ni da shisha. Tukwane uku gare ni. Na iya haɗa na'a-na'a da kankana, in zuba ƙanƙara a ruwan, garwashi kuwa da hannuna nake zaɓo shi daga tukubata. Kowace Lahadi bayan la'asar mu shida muke haɗuwa a zauren abokina Gado a unguwar Zongo. Tiyo ɗaya, baki shida. A majalisarmu in ka goge bakin tiyo kafin ka ja, ka zagi wanda ya miƙo maka. Ni ne ma mai wa'azin wai ruwa yana wanke hayaƙin. Ka ji malamin banza!

Da tari ya fara sai na ce hayaƙin tukuba ne. Sati uku, sati huɗu. Zazzaɓi kullum da yamma, wando ya fara zamewa daga ƙuguna. Matata Salamatu ta riga ta tafi goyon ciki gidan iyayenta a garin Djougou, babu mai yi mini faɗa.

Wata rana na tofa kaki na ga jini. Na tsayar da zem, wato ɗan acaɓa, sai asibiti.

Hoton ƙirji jika shida. Aka ba ni 'yar roba in tofa kaki, in kawo wani washegari. Likitar, wata Madam mai gilashi, ta ɗaga hoton ta ce, "Tarin tibi ne. Kana shan taba?" Na ce a'a, shisha kawai.

Ta cire gilashin ta dube ni. "Kawai? Ku nawa ne a tiyon?"

Ta ce maganin kyauta ne, wata shida, in na tsallake kwana ɗaya ni da ita ne.

Kwana tara da fara magani Salamatu ta haihu. Mace. Na je wurin Madam baki har kunne, na ce gobe ina Djougou. Ta ce, "Jaririya ba za ta iya da numfashinka ba. Sai gwajin wata biyu ya fito fes." Na fito na zauna a benci na yi kuka, ƙato da ni.

Salamatu ta sani, an ma gwada ta lafiya lau. Mahaifinta Alhaji ne bai sani ba. Mutumin da ya ba ni ɗiyarsa don an ce masa yaron ko sigari ba ya sha, da wane baki zan gaya masa? Sai na shiga kame-kame, yau kasuwa, gobe mota.

Ana gobe suna ya kira ni.

"Malam Isufu, kwana shida. Djougou ba Makka ba ce. Ko don mace aka haifa maka?"

Wallahi maganar ta fi tarin ciwo. Na ce, "Baba, ka gafarce ni," na zayyana masa komai, har tukwanen uku.

Sai ya ce, "Ashe ciwo ne. Alhamdu lillahi. Ni na ɗauka rashin mutunci ne, shi kuwa asibiti ba su da maganinsa. Gobe da safe wayarka ta zauna a hannunka."

Da safe ya kira. Ina jin hayaniyar mutane a bayansa. Ya ce, "Ga kunnenta nan. Kai ne uba, raɗa mata."

Ina tsaye a tsakar gidana a unguwar Albarika, ni kaɗai da sabuwar shadda, na raɗa mata: Nafisatu. Sai na ji ɗan ƙara. Alhaji ya ce atishawa ta yi, ta karɓa ke nan.

Daga nan ban ƙara wasa ba. Na rufe tukuba wata biyu. Kullum ƙarfe bakwai ina haɗiyar ƙwayoyi a gaban nas, fitsari ya koma ja kamar manja. Na tisa ƙeyar abokaina biyar suka je gwaji, aka samu Gado ma yana da shi. Majalisa ta koma bencin asibiti, muna tari muna yi wa juna tsiya.

Shekaranjiya na haɗiye ƙwayar ƙarshe. Madam ta ce na warke sarai.

Na gode wa Allah. Na gode wa Madam da faɗanta, da Salamatu da ta yi ta aiko mini hotuna, da ku da kuka yi cigiya. 'Yan'uwa, tarin da ya wuce sati biyu a kai shi asibiti. In an ba ka magani ka shanye duka, ko ka ji sauƙi. Ni dai na bar shisha. Wanda bai bari ba, don Allah kowa da bakin tiyonsa, wanda zai ji haushi ya ji. Kuma kada ka ɓoye ciwo ga mutanenka.

Mai daɗin na ajiye muku a ƙarshe. Ranar da gwajin wata biyu ya fito fes, ko gida ban koma ba, na shiga motar Djougou. Kun san al'ada, uba ba ya ɗaukar ɗan fari a gaban surukai. Ina yin sallama na ga Inna, mahaifiyar Salamatu, da jaririya a cinya. Ban gama gaisuwa ba na miƙa hannu biyu.

Inna ta riƙe baki. "Isufu! Ba ka jin kunya?"

Na ce, "Inna, na ji ta wata biyu, ta ishe ni."

Alhaji ya yi dariya har hularsa ta karkace, ya ce a ba ni abata. Aka kawo tuwo ya huce, aka ɗumama ya sake hucewa, ban ajiye ta ba.