Kwalbar Dakta Mai Funfuna

Dakta Mamman ya rasu. Da safen nan ɗansa ya kira ni, na ce masa to, na gode, kamar wanda aka gaya wa farashin taki. Sai da na ajiye wayar na samu wuri na zauna. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Tun ɗazu nake rubutawa ina gogewa. Ban ma san ta inda zan fara ba.

A shekarun tamanin ni ne ma'aikacin lab ɗinsa, wato ɗakin gwaje-gwaje, a wata tashar binciken noma kusa da Kadawa. Manoman Kura da namu na Bunkure suna ce masa Dakta Mai Funfuna, don kowa tumatir mai kyau yake nema, shi kuwa ruɓaɓɓe. Sai ka gan shi tsugune kan karan alkama da ya sha ruwa ya yi baƙi, yana kankarar funfuna yana murmushi. Wani dattijo ya taɓa jana gefe ya ce, "Ɗan nan, tsakaninka da Allah, ogan naka lafiyarsa ƙalau?"

Ƙalau yake. Funfunar tana fitar da wani sinadari, enzayim, mai narkar da kara ya koma sukari. Burinsa a daina ƙona kara bayan girbi, a mai da shi abincin dabbobi. Aikinmu shi ne raba sinadarin da datti: a tace, a juya a inji, a bi da shi ta dogon bututun gilashi yana ɗiga ɗis-ɗis. Wata da watanni muka yi. Abin da ya fito bai cika kwalbar turare ba, garau kamar ruwa, kuma ba ya son zafi.

Bai taɓa kirana Haruna kai tsaye ba. Malam Haruna.

Ranar da ƙyanda ta kama 'yata, shi ya ajiye aiki ya kai mu asibiti Kano a tsohuwar motarsa, sau biyu muna fita turi.

To ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, har maiɗakina.

Wata rana da bazara firjinmu ya mutu. Dakta ya tafi Kano neman ƙanƙara, ya ce, "Malam Haruna, sa kwalbar nan cikin randa kafin na dawo." Ni kuma ɗan gari, wai na fi shi sanin ruwa. Na ce a raina ai ruwan kanal ɗin ban-ruwa da ke zuwa daga dam ɗin Tiga ya fi na randa sanyi. Na ɗaura mata igiya na zura ta a kanal, na tafi sallar Azahar. Na sha'afa sam cewa ranar ce ake buɗe wa ɓangarenmu ruwa, ni da nake ban-ruwa a gonar babana tun ina ƙarami.

Da na dawo, igiya kawai na tarar.

Na bi kanal da gudu har gonakin albasa, babu. Tsoro ya kama ni, ga iyali, ga aiki bai daɗe da samuwa ba. Na ɗauko wata kwalba irinta, na zuba ruwa, na rubuta mata lambar waccan, na sa a randa.

Ya dawo da ƙanƙararsa, ya gwada. In sinadarin na aiki, ruwan gwajin kan koma ja. Bai koma ba. Ya sake, ya kuma sakewa. Sai ya cire tabarau ya ce, "Zafi ya kashe shi. Laifina ne da ban gyara firjin nan da wuri ba." A gabana ya rubuta haka a littafinsa. Daga nan ya bar wannan funfunar ya koma kan wata, ita kuma ba ta taɓa ba shi abin da ya so ba.

Bara na shirya na je gidansa a Kumbotso don in faɗa masa. Idonsa ya yi rauni, da murya ya gane ni. Muka gaisa, na buɗe baki ke nan sai ya riga ni.

"Malam Haruna, ka tuna 'yar kwalbarmu?"

"Na tuna, ranka ya daɗe."

"Ruwan Tiga akwai sanyi, ko ba haka ba?"

Ya yi dariya har da tari, ya ƙwala kira a kawo mana shayi, ya shiga tambayata jikoki. Ni kuwa na sha shayina na tashi kamar wawa.

Wallahi na rasa gane kan maganar nan. In ya sani, me ya sa ya rubuta zafi, ya yar da aikin watanni? Don kar shugaban tasha ya kore ni ne? In kuma hirar tsufa ce kawai, to ya tafi yana ganin laifin kansa a kan abin da ni na yi. Kowanne na ɗauka sai ya fi ɗayan nauyi.

Ɗalibansa da ke nan, in littafin yana hannunku, ku gyara. Zafi bai kashe sinadarin nan ba, ba a ma gwada shi ba. Iyalansa, ku yafe mini, shi na makara.

Allah Ka jiƙan Dakta Mamman, Ka haskaka kabarinsa, Ka rufa masa asiri kamar yadda nake zaton ya rufa mini. Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa shi a addu'a. In da saura, a sa ni.