Ranar da na kashe na'urar ƙanena

Ni gyaran rediyo na koya, da rediyo ta daina ci na koma gyaran talho, wayar hannu ke nan. Aji huɗu na yi a lakkwal, makarantar boko, na fita. Ƙanena shi ne ya yi boko har Yamai, kuma shi ya dawo Tawa da wata tsohuwar ordinata, wato kwamfuta, ya tura ta ƙarƙashin teburin shagona, ya ce sunanta sarbar. A cikinta ya gina shafin cigiyar dabbobi. Wanda raƙuminsa ko saniyarsa ta ɓata ya zo mu sa hotonta, dillalan kara, kasuwar dabbobi, su duba a talhonsu ranar kasuwa kafin su sa baki a ciniki. Har daga Barmu da Takanamat ana zuwa.

Ya yi mini bayani yadda kaina zai ɗauka. Ya ce ma'aikata biyu ne a ciki. Ɗaya mai gadi ne, shi ke buɗe wa duk wanda ya ƙwanƙwasa daga talho. Ɗayan sunansa PHP, shi ke karɓar abin da aka kawo ya jera shi. Shi PHP yana da takardar dokokinsa a cikin na'urar: abin da zai karɓa, da nauyin da ba zai wuce ba.

Ya ja mata fanon rana mai tara wuta da batir biyu saboda yankewar kuran, wutar lantarki. Ya ce, "Yaya, komi za a yi, kak ka kashe ta. Tsohuwa ce, in ta kwanta ban san ko za ta tashi ba." Ya kuma nuna mini wata kalma da in ka buga ta, na'urar ta gaya maka kwana nawa ta yi a kunne.

Da damina ya kwanta ciwo, kwana tara, Allah ya karɓi abinsa. Tun daga nan kullum na buɗe shago sai na buga kalmar nan. Ban taɓa gaya wa kowa ba, ko matata. Hannunsa ne ya kunna ta, lissafin yana tafiya daga ranar. Batir ya mutu na sake, fanka ta yi kuka na hura mata ƙura, ban bari ta ɗauke ko sau ɗaya ba.

Wata Alhamis wani tsoho ya zo daga wajen Afala. Taguwarsa ce ta ɓata, ita ke gare shi, nononta suke sha, ita ke ɗauko masa ruwa. Ya san ba ɓata ta yi ba, kwance ta aka yi. In ta shiga kara ranar Lahadi aka sayar aka loda ta a mota, shi ke nan. Hoton yana cikin sabon talhon surukarsa, an ɗauke shi daga nesa, taguwar tana bakin rijiya cikin wasu raƙuma. In ka ja hoton sai ka ga shaidar da aka yi mata da wuta a wuya, tsaf.

Na tura hoton, shafin ya ƙi. Na sake, ya ƙi. Ya yi nauyi. Na rage shi kamar yadda nake yi wa wasu, ya shiga, amma shaidar ta narke, ta zama tabo. Taguwa ba shaida, ai kowa na da irinta.

Na ɗauko kayen da ƙanena ya bari, littafin da yake rubuta aikinsa a ciki. Da faransanci ya rubuta, ina bi da yatsa. Na sami shafin. Na buɗe takardar dokokin PHP, doguwa ce, kusan duka surutu. Na sami layin nauyin hoto, biyu ne a rubuce, na mai da shi sha shida. Akwai na biyu, na nauyin duk abin da aka turo gaba ɗaya, takwas, na mai da shi ashirin, don kayen ya ce dole na biyun ya fi na farko. Na adana. Na ji daɗin kaina ƙwarai. Na tura hoton, ya ƙi.

A ƙasan shafin kayen akwai sauran layi guda, na gan shi tun farko, na yi kamar ban gani ba. Layin ya ce sai an tada PHP sabo kafin ya ji. PHP sau ɗaya yake karanta dokokinsa, lokacin da ya farka. Abin da ƙanena ya gaya masa ranar da ya kunna shi, shi yake riƙe da shi har yau. Yadda ake tada shi, bai rubuta ba, don shi a kansa yake. Ni kuwa hanya ɗaya na sani, maɓallin nan na gaban na'urar.

Juma'a na wuni ina sake lambobi, sha shida zuwa talatin, talatin zuwa sittin, alhali na san ba nan matsalar take ba. Tsohon yana kan benci, sandarsa tsakanin gwiwoyi. A gidan wani ɗan garinsu yake kwana. Asabar da hantsi ya gaji.

"Ɗana, mi ya hana? Ko dabbar taka ma ɓacewa tay yi?"

"Tana nan, Baba. Sai an kashe ta an kunna."

"To kashe ta mana. Yanka za a yi?"

Na gaya masa gaskiya, wanda ya kunna ta, da abin da ya ce mini, da lissafin kwanakin. Ban san me ya sa shi na gaya wa ba. Ya shafa addu'a.

"Allah shi jiƙan shi. Amma don dabbobi yay yi ta, ko don ka zamna kana gadinta?"

Haushi ya kama ni, don ba shi ya binne ƙane ba. Na ce masa in ba ta tashi ba, ba nasa hoton kaɗai ba, na kowa ya tafi. Ya ce ya ji. Bai kuwa tashi daga bencin ba.

Na buga kalmar nan sau ɗaya. Kwana ɗari shida da goma sha ɗaya. Na durƙusa ƙarƙashin tebur na danna maɓallin.

Fankar ta tsaya. Ashe na manta yadda shagona yake ba ƙararta. Ina jin keken telan da ke makwabtaka da ni, ina jin numfashin tsohon. Na ce bismillahi na sake dannawa. Rubutu fari ya yi ta gudu a kan baƙi, ya tsaya a wani wuri, sannan ya ci gaba. Na buɗe shafin, yana nan. Na tura hoton. Ya ɗan ja lokaci, ya shiga. Na ja shi da yatsa, ga shaida a wuya. Tsohon ya kawo fuskarsa dab da allon ya ce, "Ita ce."

Da ya fita na buga kalmar. Minti huɗu.

Lahadi kafin azahar wani dillali ya kira lambar shago. Ya ce wani ya kawo taguwar, da aka nuna masa hoton ya ce bari ya zaga ya dawo, har yau bai dawo ba. Bayan sati biyu tsohon ya aiko mini da cuku a ƙulle cikin ƙyalle.

Watanni bayan nan wata mata mai aikin ordinata ta kawo talhonta gyara, ta ga sarbar, muka yi hira, na ba ta labarin. Ta ce, "Kai, Malam, ai ba sai ka kashe duka ba. Mai gadin kawai za ka tada, PHP ya farka tare da shi, layi ɗaya ne, lissafinka ba zai taɓu ba." Ta rubuta mini a bayan wata takarda.

Na yi kwana biyu ba na son ganin takardar. Daga baya na ɗauko kayen, na buɗe shafin, na kwafe layin a ƙarƙashin rubutunsa. Nasa ƙanana ne a jere, nawa kamar kaza ta bi. Kalmar nan kuwa na rage buga ta, sai in an yi doguwar yankewar kuran ina son sanin ko batir ya riƙe.