Tijjani Mai Allo da Ɗakin da Ke Bayan Shago

Duk wanda ya saba bin hanyar bayan tashar Ƙonni da sassafe ya san Malam Tijjani Takama, wanda aka fi kira Mai Allo. In ya fito masallaci ba ya komawa gida. Yakan biya wurin mai ƙosai a ƙunsa masa, ya wuce shagonsa. Kafin ya taɓa gwangwanin fenti sai ya buɗe ɗakin da ke bayan shagon, ya yayyafa ruwa, ya share, sannan ya durƙusa yana bin gindin bango da yatsa, yana neman hanyar gara. In ya tarar ta fara gini sai ya kankare, ya zuba baƙin mai. Daga nan ya ɗauki tsumma ya bi allunan da ke rataye ɗaya bayan ɗaya. Sai ya gama wannan yake fitowa ya zauna ga aikin da ke ciyar da shi: allon mai shayi, allon mai gyaran babur, sunan gari a goshin motar haya.

Shekara talatin ke nan yana wannan sana'a. A watan nan ya miƙa wa 'yarsa Wasila makulli, don yanar ido ta rufe masa na dama, na hagun ma ya koma gani dishi-dishi. Shi ya sa na ga bai kamata in yi shiru ba. Ni malamin lakwal ne, wato makarantar boko, ta ƙofar shagonsa nake wucewa kullum, kuma abin da zan faɗa ko na gani da idona, ko waɗanda suka gani ne suka gaya mini.

Tijjani bai taɓa shiga filin kokowa ko na dambe ba. Siriri ne, shi da kansa yakan ce iskar hadari ma tana iya kayar da shi. Amma da kaka ta yi, an ɗaure dammuna, an fara jin ganga a ƙauyuka, sai ya rufe shago ya hau keke. Guzurinsa gawayi ne da takardar buhun siminti da direbobin Malbaza ke ajiye masa. Ya je Tsarnawa kallon kokowa, ya je Alela inda rundawa, wato mahauta, ke dambe, ya bi Fulani wurin shaɗi. Yana zaune a gefe yana zana, mutane suna yi masa dariya. In ya dawo gida sai ya mayar da zanen a kan guntun katakon da ya rage daga aikin mutane, ya sa fenti, ya rubuta sunan mutum da garinsu a ƙasa. Ba wanda ya sa shi, ba wanda ya biya shi. Allunan suna jingine a ɗakin da yake ajiye gero, ba mai ganinsu.

A shekarar 2003 ƙungiyar masu sana'ar hannu ta shirya baje koli na kwana uku a filin matasa. Dukawa sun zo da jakunkuna, Buzaye da zobban azurfa, masu sassaƙar ƙwarya, mata masu tabarmi. Tijjani ya nemi rumfa aka ce babu, wai zane ba abin da za a sa a ɗaki a yi amfani da shi ba ne. Da ya matsa, aka nuna masa bangon da ke can ƙarshe, kusa da randunan ruwan sha. Ya ce ya gode. Ya kafa ƙusa, ya rataye alluna goma sha bakwai. Da rana ta take, kowa sai ya zo randa, kuma wanda ya zo randa sai ya ɗaga kai.

Ina tsaye a wurin ranar farko lokacin da wani jandarma ya zo. Ajidan Maman sunansa, mutumin gabas ne da aiki ya kawo Ƙonni, kuma shi ke koya wa yara judo da yamma a wannan fili. Ya daɗe gaban allon wani ɗan kokowa da ya sunkuya yana ɗaga wanda ya kayar. Ya ce wannan nasa ne, zai aika da shi gida, a ajiye masa har a tashi baje koli. Tijjani ya ce to, suka sha hannu.

Washegari wata mata mai tabarmi ta zo shan ruwa. Zalika ce, daga Dogarawa. Ta ɗebi ruwan, ta ɗaga kai ta ga allon nan da Ajidan ya zaɓa, sai ta tsaya da moɗa a hannu ba ta sha ba.

Ta ce, "Wa yay yi wanga?"

Tijjani ya ce, "Ni na, baiwar Allah."

"Ina kas san shi?"

"Tsarnawa nig gan shi, da daɗewa. Ya ka da mutum uku rana guda. An ce min sunanai Rabo."

Ta matsa kusa har numfashinta na taɓa katakon. Ta ce, "Tsayuwa tai ta. Haka yake aje ƙahwar hagu. Amma kunnen ka ɓata. Tsagar ga na dama take."

Rabo mijinta ne. Sanƙarau ya ɗauke shi shekara bakwai kafin wannan rana, ya bar ta da ciki. Bai taɓa tsayawa gaban mai hoto ba, ko na katin shaida. 'Yar da ta haifa bayansa, Basira, ba ta san kamanninsa ba sai abin da aka faɗa mata.

Tijjani ya sauke allon, ya zauna a ƙasa, ya buɗe fenti, ya gyara kunnen a gabanta, tana nuna masa da yatsa. Da ya gama ta yi godiya, ta koma wurin tabarminta. Ba ta roƙe shi komai ba.

Da safe Tijjani ya sa rigarsa ta Juma'a ya nufi ofishin jandarmomi. Wanda ya san mutanenmu ya san ba a zuwa can da ƙafar kai. Ga shi kuma magana ya je warwarewa, bayan an sha hannu a gaban jama'a. Maƙwabcinsa mai faci ya ce masa ya bari, ya zana wa matar wani. Tijjani ya ce zanen gawayin ya daɗe da lalacewa, in ya sake yi daga ka wani mutum zai fito, ba Rabo ba.

Ajidan ya saurare shi har ya gama, fuska ba walwala. Ya ce, "Malam, ka san na riga na gaya wa iyalina yana zuwa?"

"Na sani, ranka ya daɗe. Laihina na. Amma kai ka ga ɗan kokowa, ita ta ga uban ɗiyarta."

Ajidan ya ɗauki hularsa ya ce a je ya ga matar.

Suka same ta gaban allon, ta zo da yarinyar a motar safe. Ajidan ya gaishe ta, ya ce ya janye, allon nata ne, ta tafi da shi Dogarawa. Mu da ke wurin muka ɗauka magana ta ƙare. Sai Zalika ta girgiza kai.

Ta ce, "Ɗakina ni ɗai ka ganinai, kuma gara na nan, ruwa na zuba. Jiya ina zaune can na ji maza uku sun tsaya nan suna hwaɗin sunanai. Shekara bakwai ban ji wani ya hwaɗe shi ba, in ba ni ba. Ku bar shi inda mutane ka wucewa. In mun so ganinai mu zo."

Tijjani ya ce, "Baje koli yau yake tashi."

Ta ce, "To, sai ka san yadda za ka yi."

Ya san yadda ya yi. A makon nan ya kwashe geronsa daga ɗakin bayan shago ya kai ɗakin mai ɗakinsa, wadda ta ce ba ta taɓa jin inda katako ya kori hatsi ba, amma ta matsar da gadonta. Ya shafe bango da farar ƙasa, ya fasa taga, ya kafa ƙusoshi, ya ajiye benci. Bai sa kuɗin shiga ba, har yau.

Ba kowa abin ya yi wa daɗi ba. Limamin unguwa ya kira shi ya yi masa nasiha kan zana surar mutane. Tijjani bai yi gardama ba. Ya cire alluna biyu da ya rataye a bakin titi ya mayar ciki, ya sa labule a ƙofa, ya ce wanda ya ga dama ya shiga, wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya wuce, kuma ba a salla a ɗakin. Liman bai taɓa shiga ba. Har gobe tare suke cin tuwon dare a ƙofar gida.

Ni na fara kai ɗalibaina a shekara ta biyu. Na ɗauka za su kalli zane su fito. Sai na tarar Tijjani ya fi ni iya darasi. Yakan tsaya gaban ɗan dambe ya nuna musu hannun da aka naɗe da zare, shi ne na duka, da wanda aka bari a buɗe, shi ne na karewa. Ya nuna musu ɗan shaɗi da ya ɗaga hannu yana murmushi bulala na sauka, ya ce a wannan wasa wanda ake duka ne ke nuna jarumta. Ya nuna ɗan kokowa ya ce shi ba ya duka ko kaɗan, ƙasa ce alƙalinsa. Sai ya tambaye su, me ya haɗa su duka? In sun rasa ya ce, "Doka. Kowane da inda ake tsayawa. In mutum ya hwaɗi an gama. Wanda ya bi wanda ya hwaɗi da duka ba ɗan wasa ba ne, kuma ba ni zana shi." Na sha raba faɗa a filin lakwal da wannan magana.

Sannu a hankali ɗakin ya fara cika da abin da ba shi ya yi ba. Wani tsoho daga wajen Illela ya kawo baurar ƙarfe ta hannu da ya yi shanci da ita, wasan faɗan nan na dā, yana saurayi, ya ce jikokinsa za su sayar wa masu gwangwan in ya mutu. Wani ya kawo warkin mahaifinsa. Da aka canja wa Ajidan Maman wurin aiki, ya kawo farar ɗamararsa ta farko, ya ce a rataye kusa da Rabo, a gaya wa yara cewa a judo faɗuwa ake fara koyo kafin kayarwa. Tijjani ya zana ɗaliban Ajidan, har da 'yan mata biyu a cikinsu, wanda hakan ya sa iyaye da dama suka daina hana 'ya'yansu mata zuwa judo. Ya kuma bar bango guda ga masu zanen da ba su da inda za su nuna aikinsu. Da baje koli ya sake zagayowa, rumfa guda aka ware wa masu zane, ba wanda ya roƙa.

A 2005, shekarar da hatsi ya yi wuya, ba mai neman allo. Tijjani ya koma ƙwadago a lambunan albasa da safe, da shekarunsa. Wani dillali ya zo daga ƙetaren iyaka yana son kwashe ɗakin gaba ɗaya. Tijjani ya ce masa abin da ke ciki ba nasa ba ne shi kaɗai, amana ce, sai ya tambayi Zalika da tsohon Illela da sauransu, kuma ya san amsarsu. Kullum da la'asar yakan dawo da laka a ƙafa ya buɗe ƙofa. A lokacin ne mutane suka fi zuwa. Ba su da abin yi, ba su da abin saye, suna zama a benci suna gardamar wa ya ka da wa.

Malam Tijjani, kai ne ka ɗauki mutanen da ganga ta manta da su ka ba su bango. Kai ne ka je gaban hukuma ka karɓi laifi don wata mata da ba ka san ta ba sai jiya. Ba ka taɓa ka da kowa ba, amma maza da yawa suna tsaye yau saboda hannunka. Siriri mai ɗaukar ƙarfafa. Ban san wani kirari da ya fi wannan dacewa da kai ba, kuma na san za ka ce in bari.

Yanzu Wasila ke riƙe da buroshi. Hannunta ya fi na uban sauri, shi ya ce bai kai nasa haƙuri ba tukuna. Yana zaune a bakin ƙofa, in baƙo ya shiga yakan gaya masa daga nan abin da ke damansa da abin da ke hagunsa, ba ya kuskure. Likita ya ce yanar tana ciruwa, kuma waɗanda suka sha zama a bencin nan sun ce su za su kai shi asibiti in an gama girbi.

Ranar Laraba da ta wuce na tambaye shi ko akwai abin da ya so ya zana bai samu ba. Ya ce akwai wata tsohuwa a Alela, an ce tana budurwa ta shiga fili ta ka da samari biyu, garin ya yi shekara ana zancen. Ya daɗe yana cewa zai je. Ya ce Wasila ta riga ta yi magana da mai mota, Asabar za su tafi, ita ta zana, shi ya yi tambaya.

Mun gode, Mai Allo. Allah ya buɗe idon, ya saka da alheri, ya sa a gama lafiya. Ku kuma masu karatu, in kun shigo Ƙonni ku tambayi bayan tasha, ku ɗaga labulen ku shiga. Kuma kowane gari akwai irin tsohuwar nan ta Alela, tana zaune a gindin bango ba mai tambayarta. Wanda ya iya zane ya zana ta, wanda ya iya rubutu ya rubuta, wanda bai iya ko ɗaya ba ya je ya zauna ya ji, tun tana iya cewa ga inda aka ɓata.