Taken Maigidana a Rakodar Bature

Shekarar da gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye, maigidana ya bi ayarin 'yan ci-rani ya yi kudu. Ba shi kaɗai ba, kusan duk wani mai jini a jika a ƙauyenmu, can tsakanin Kunci da Bici, ya kama hanya. Aka bar tsofaffi da mata da yara muna kallon rumbunan da babu komai a ciki. Ya ce mini kafin ruwan shuka zai dawo. Ruwan shuka ya zo, ɗan abin da ya zo, bai dawo ba, babu kuma wanda ya kawo labarinsa. Ina da goyo a lokacin, ina zaune da iyayensa, Baba da Inna. Tafasa da yaɗiya muke ci, sai dusa in an dace. Amma yunwar ba ita ta fi cin raina ba, rashin sanin ko yana raye ne.

Baba makaɗin gangar noma ne. In an yi gayya, maza sun jeru da garemani a bakin kunyoyi, shi ke bin bayansu da ganga yana zuga su. Kowane manomi a garinmu yana da takensa, ɗan kiɗan da Baba ya ƙirƙira masa shi kaɗai, kuma ko cikin barci mutum ya ji nasa zai gane. Akwai wata al'ada da muke da ita a kan taken nan. Ɗan ci-rani in ya dawo ba ya faɗowa gida haka kawai. Zai tsaya a gindin tsamiyar bakin gari, a aika wa Baba, Baba ya rataya ganga ya je ya buga takensa. Matarsa tana cikin gida za ta ji, uwarsa za ta ji, a fito a tarye shi da guɗa. Ko ya samo ko bai samo ba, da kiɗa zai shiga gidansa, kansa a sama. Shi ya sa in ba a gona ba, ba a buga taken wanda ba ya gari. Duk macen da mijinta ya tafi, kunnenta yana wajen tsamiyar nan wuni guda.

Maigidana ɗan fari ne. Saboda kunyar ɗan fari, Baba bai taɓa kiran sunansa ba, Inna ma haka. In za su yi zancensa sai su ce yaron nan, su kau da kai. Ban taɓa ganin Baba ya zauna tabarma ɗaya da shi ba, balle ya ce masa sannu da aiki. Duk abin da bakinsa ya ƙi faɗa, a ganga ya zuba shi. Kowa ya san a duk taken garin babu mai daɗin na maigidana, kuma kowa ya san dalili, babu dai mai faɗa.

Ana cikin wannan hali sai ga Bature da Landiroba, tare da wani malamin makaranta daga Bici yana yi masa tafinta. Muka ɗauka agaji ya kawo. Ashe kiɗa yake nema. Mutane suna tankaɗe dusa, shi kuma ya ƙetaro teku neman kiɗa! Dogo ne siriri, da gemu ja, rana ta gasa masa hanci har yana ɓarewa. Ba zan yi masa ƙarya ba, ya zo wa Baba da buhun dawa, kuma mun ci, har maƙwabta sun samu.

Shi ma makaɗi ne, ko in ce mabushi. Yana da wata salka ta fatar akuya mai bututai, ya hura ta ta kumbura, ya matse a hammata, sai ta kama kuka. Ran da ya fara busa ta a ƙofar gidanmu ina leƙe ta darni, na yi dariya har goyona ya farka. Inna ta ce, “Wannan akuya, an yanka ta an feɗe, amma ba a bar ta ta huta ba.” Baba kuwa bai yi dariya ba. Ya saurara, ya saurara, sai ya ɗauko ganga ya bi shi a hankali. Tun da maza suka tafi ban ga Baba ya sake jiki irin na ranar ba.

Ta bakin malamin muka ji labarinsa. Ya ce mu daina ɗauka Turawa duk ɗaya ne. Su mutanen kan dutse ne, makiyayan tumaki, suna da yarensu daban, kuma mutanen birnin ƙasarsu kallon ƙauyawa suke musu, har a makaranta ana dukan yaro in ya yi yaren gida. Ya ce salkar ta kakansa ce. Wasu masu ilimi sun zo daga birni sun ɗauki waƙoƙin kakan a na'ura suka tafi, tsohon ya mutu bai taɓa jin muryarsa a ciki ba. Shi ya sa ya yi wa kansa alkawari, duk inda ya ɗauki kiɗa sai ya kunna wa masu shi sun ji kafin ya tafi. Wannan magana ta ƙarshe malamin ya faɗe ta a gurguje, mu ma muka ji ta a gurguje, babu wanda ya tsaya ya auna ta. Baba dai tausayinsa ya kama shi. Ya ce, “Ashe can ma akwai talakawa.”

Bature ya roƙi Baba ya buga masa taken manoman garin duka. Baba ya ce ba a cikin gari ba. Suka shiga mota suka yi nisa, can wani busasshen rafi ta wajen Shanono, inda babu kunnen da zai ji. A nan ya buga su ɗaya bayan ɗaya. Malamin ne ya ba mu labari daga baya, ya ce da Baba ya gama sai ya dubi kudu, ya sake gyara ganga ya buga wani da bai buga ba. Ya daɗe a kansa. Bature ya tambaya, wannan fa na waye, me ake yi da shi?

Baba ya ce, “Na wani yaro ne.”

Iyakar abin da ya ce ke nan, haka kuma malamin ya fassara. Da zai yi bayanin tsamiya da tarya, dole ya yi zancen ɗansa na fari a gaban baƙo, ya ce ɗana ya tafi ina jiran sa. Baba gara a sare masa hannu. Shi kuma Bature, wanda ya tambayi icen gangar da irin fatarta da yadda ake jan tsirkiyarta, har ya auna sandar kiɗan da zare, bai ƙara tambaya a kan wannan ba.

Ranar da zai bar ƙasarmu, da hantsi, Baba ya fita jeji neman saiwa. Ina tsakar gida ina daka dawar nan, Inna tana gyaran ganye. Sai na ji ganga daga wajen tsamiya. Taɓarya ta tsaya a hannuna. Takensa ne, kuma hannun Baba ne, babu mai yi mini gardama a kan hannun Baba. Na dubi Inna, Inna ta dube ni.

“Inna, kin ji?”

“Na ji, 'yar nan. Ɗauko ruwa, ɗauko ruwa!”

Ban san yadda na fita ba. Babu takalmi, ɗankwali a hannu, ɗa yana jijjiga a bayana, ƙwaryar ruwa tana zuba a ƙirjina. Mata suna fitowa daga gidaje suna guɗa, suna cewa barka, barka, Allah ya kawo mana namu. Inna, tsohuwar da sai ta dafa bango take miƙewa, ta wuce ni a burtali da gudu. Kuma tana gudun tana kiran sunansa. Sunansa na yanka, da ƙarfi, a gaban duk gari. Tun da ta haife shi ba ta taɓa ba.

Muka iso tsamiya. Landiroba ce a gindinta, don burtalinmu ba ya ɗaukar mota. A kan motar ga rakoda da lasifika. Bature yana tsaye shi kaɗai, malamin ya shiga gari neman Baba. Da ya ga mata sun taho da gudu suna guɗa, sai fuskarsa ta cika da murna. Ya tafa mana. Ya ɗauko salkarsa ya hura, ya shiga bin taken mijina da ita yana rausaya. Ya zaɓi wannan ne ya fara da shi don ya fi duka daɗi, haka ya ce daga baya.

Inna ta zagaya motar, ta leƙa ciki, ta zagaya tsamiyar. Ta dawo ta ce da ni, “Ina yake?” Guɗa ta mutu a bakin mata ɗaya bayan ɗaya, gangar kuwa tana ta bugawa babu mai riƙe da ita. Sai ga Baba ya ɓullo ta cikin gonaki da gatari a kafaɗa, shi ma kiɗan hannunsa ya jiyo daga nesa. Ya tsaya ya dubi matarsa zaune a ƙasa, ya dube ni da ƙwarya. Ya je ya ɗora tafinsa a kan lasifikar kamar mai toshe bakin yaro, har Bature ya gane ya kashe.

Da malamin ya iso ya yi masa bayani, Bature ya zauna a ƙasa ya yi kuka, kuka sosai, da majina. Na tsane shi a lokacin, kuma kukan ya ƙara mini tsanarsa, don ni ce ya kamata in yi, ya riga ni. Ya ciro tef ɗin ya miƙa wa Baba da hannu biyu, ya ce namu ne, mu riƙe. Baba ya ce da malamin, “Gaya masa ya tafi da shi. Ya kai shi nesa, inda ba wanda ya san yaron.” Ya tafi da shi.

Har yau in na tuna mutumin nan raina yana ɓaci, kuma abin da ya fi ɓata mini rai shi ne ba mugu ba ne. Da mugu ne da na zage shi na huta. Ya zo ya gyara abin da aka yi wa kakansa, sai ya gyara shi a kanmu. Ya koma ƙasarsa da kiɗanmu da kyakkyawar niyyarsa, mu muka koma gida da Inna a riƙe, tana rufe fuska don kunyar sunan da ta kira.

Baba bai sake taɓa ganga ba. Ya saka ta a rumbun da ya zama fanko, ya rufe. Maza suka fara dawowa jefi-jefi, aka zo kiran sa, ya ce hannunsa yana ciwo. Suka riƙa shiga gidajensu shiru. Inna ta daina fita ko rijiya. Kafin damina ta gaba ta yi nisa, ciwon ciki ya kwantar da Baba, bai tashi ba.

Bayan rasuwarsa da 'yan watanni, wata rana da la'asar ina shara a ƙofar zaure, sai wani mutum ya yi sallama. Baƙi wuluk, ƙashin wuya a waje, da ɗan ƙunshi a leda, yana tari. Na amsa ban ko ɗaga kai sosai ba, na ce, “Sannu malam, wa kake nema? Babu namiji a gidan.”

Ya ce, “Ni ne.”

Haka maigidana ya dawo. Babu guɗa, babu ruwa a ƙwarya, matarsa tana tambayar wa yake nema. Ya ce tun hantsi yake zaune a gindin tsamiya yana jiran wanda zai aika, yana jin nauyin shiga hannu rabbana, har wata mai tallan kuka ta gane shi ta yi masa gaisuwar ubansa. A bakinta ya ji. Inna da ta gan shi ta kau da kai ta ce, “An dawo?” ta shige ɗaki, can na ji tana kuka ƙasa-ƙasa.

Labarin Bature bai daɗe ba ya iso kunnensa, gari ƙarami ne. Bai yi mini zancen ba sai da ya ɗan murmure. Ina zuba masa kunu, ya ce ba tare da ya dube ni ba, “Wai Baba ya buga?”

Na ce, “Ya buga.”

“Shi ya ce zai buga, ko roƙon sa aka yi?”

“Ba wanda ya roƙe shi. Malamin ya ce ya fi daɗewa a kan naka.”

Ya juya ludayi a cikin kunun. Sannan ya ce, “Inna ma wai ta fito.”

“Ta riga ni isa.”

“Ke fa?”

“Da gudu na fito, ko takalmi babu.”

Ya gyaɗa kai. Ya tambaye ni sunan ƙasar Baturen, ko ana iya aika masa ya maido da tef ɗin. Na ce ban sani ba, kan dutse dai aka ce, kuma malamin an canja masa wajen aiki. Ya ajiye ludayin, kunun ya huce bai sha ba. Ya yi shekaru masu yawa bayan nan, ya yi noma, mun aurar da 'ya'ya, amma duk wanda aka ce ya je Turai ya dawo, ko ɗan wane ne, sai ya sa rigarsa ya je gaishe shi, ya zauna a bakin tabarma har kowa ya watse, sannan ya tambaye shi ko a can ya taɓa jin wata gangar noma.