Turmin da Na Ɗauka Zuwa Asibiti

Ƙanwata ba raguwa ba ce, kuma duk wanda ya kira ta raguwa a Fakku, ƙauyen da take aure, har yau ban yafe masa ba.

Bayan haihuwarta ta uku abin ya fara. In tana zaune, ka rantse lafiyarta ƙalau. Amma da ta ɗauki taɓarya, kafin gero ya fara sakin dusa numfashi ya ƙwace mata, ta jingina da danga tana haki kamar wadda aka koro daga daji. Dangin mijinta suka ce son jiki ne. Ita kuwa ga shegen kawaici. Ko ka tarar tana dafe da ƙirji ka ce yaya jiki, sai ta ce da sauƙi.

Wannan "da sauƙi" ita ta kusa kashe ta. Da aka kawo ta asibitin Tambuwal, inda nake aure, a kan jaki aka kawo ta, ta wuni zaune a inuwa tana jiran layi. Kafin a kira ta, jiki ya kwanta. Malamin asibiti ya ɗora mata abin sauraren ƙirji, ya tambaye ta jiki, ta ba shi amsar da uwarmu ta koya mana. Ya sallame ta da ƙwayar ƙarin jini. Shi ke nan dangin miji suka sami sanda: asibiti ma ya ce lafiyarta lau, sai ta koma bakin turmi.

Shekarun nan ne kuɗin man fetur suka kawo kwalta, motoci na ta zirga-zirga zuwa birnin Sakkwato. Ni kuma na shiga ajin yaƙi da jahilci da furfurata a ka. Karatuna bai yi nisa ba, amma ya cire mini tsoron mai farar riga. Na tasa ta gaba sai babban asibiti, mijinta na biye da mu yana ƙunƙuni.

Likitan dattijo ne. Ya shigar da mu wani ɗaki mai keke kafe a ƙasa, ba ya zuwa ko'ina, ga wata roba da ake rufe hanci da baki da ita, ga wayoyin da ake liƙawa a ƙirji. Ya ce jiki a zaune maƙaryaci ne. Zuciya da huhu da jini da naman ƙafa kamar 'yan gayya suke a gona ɗaya, ba a sanin wanda ya gaza sai rana ta take. Za ta hau ta tuƙa, shi kuma ya auna iskar da take ja da yadda zuciya ke amsawa.

Ban taɓa jin zance ya zauna mini haka ba. Sai mijin ya miƙe.

"Matata bisa keke? Gaban namiji? Yaya, ba a yin wanga a gidanmu."

"Mi aka yi gidanku, Malam? Jiran gawa?"

"Subhanallahi, Yaya, ki gyara bakinki."

"Bakina gyararre ne. Numfashinta za a gyara."

Na juya wurin ƙanwata in ji ta bakinta. Ta sunkuyar da kai, ta ce ai ma ta ji sauƙi. Wallahi na so in kwaɗa mata mari, ita da uwar da ta haife mu.

Likita ya ce ba ya tilasta kowa. Muna fita na tsaya a bakin ƙofa na ce, "Likita, keken kake so ko hakin?"

Ya ce, "Hakin, baba. Duk aikin da zai tada shi a gabana, ina iya saurara, in riƙe jijiyar hannunta. Bai kai keken ba, amma ya fi zaman banza."

A mota mijin ya yanke cewa gobe za ta koma Fakku, don surfe na jiranta kuma uwarsa ta gaji. Na san in ta koma, daka za ta yi har ta faɗi, su ce kwana ne ya ƙare. Haka muka iso gidana, inda suka sauka.

Da safe ya dawo daga masallaci ya tarar da turmina a tsakar gida ɗaure da igiya, ga taɓarya, ga gero a ƙwarya, ƙanwata ta yafa gyale.

"Yaya, ina zuwa da turmi?"

"Kai ka ce ta yi daka. Ba keke ba ne, ba ta buɗe ƙafa. Abin da kuke sa ta kullum za ta yi, amma yau a gaban likita."

Na ɗora turmin a kaina, na kama hannunta, muka nufi tashar Sakkwato.