Tagar Sama a Soron Babanmu

Mun tashi da asuba daga Kano, ni da wani maƙwabcina da ya ce zai raka ni, ko da yake daga baya na gane cikinsa ya rako. Waya aka yi mini cewa Habu, ɗan yayata, ya huda rufin soron babanmu a ƙasar Doguwa ya kafa gilashi, wai tagar sama. Yanzu soron yoyo yake yi, kuma a ciki Yaya take kwana tun da mijinta ya rasu ta dawo gida. Ni karatuna a aji huɗu ya tsaya, amma ko ɗan aji ɗaya ya san don a tare ruwan sama ake rufi, ba don a yi masa ƙofa ba.

Ta ƙasar Bebeji masara ta yi kyau, kore shar har inda ido ya tsaya. A Kwanar Dangora muka karya kumallo, wajen wani mai shayi da yake ɗiga madara kamar maganin ciwon ido, kuɗin kuma sai ka ce saniyar ya haɗa mana da ita. A Tudun Wada na ga sababbin gidaje, rufin kwanon ya fi ginin tsawo, masu gidan kuwa duk suna gindin bishiya suna fifita. Da muka shiga dajin Falgore direba ya kashe waƙa, kowa ya tuna da Ubangijinsa. Daga Doguwa acaɓa ya ƙarasa da mu cikin taɓo.

Ko ruwa ban sha ba na sa aka kawo tsani na hau. Jama'a, abin da na gani! Gilashin bayan wata matacciyar mota ne aka kwantar a rufin, aka liƙe gefensa da kwalta. Rufin ƙasar an shafe shi da siminti, simintin ya tsattsage, ruwa yana shiga ba ya fita. Indararon da babanmu ya kafa da hannunsa an toshe bakinsa. Ruwa ya kwanta a kan soro kamar kududdufi, har sauro ya yi iyali. Da na sauko na taɓa azara, yatsana ya nutse a cikin guda biyu.

Habu ya ce, "Kawu, zamani ne. A waya na gani. Ba fitila, ba batir, hasken Allah kyauta."

Na ce, "Madalla, injiniya. Su na wayar sun nuna maka ta inda ruwansu yake sauka, ko datarka ce ta ƙare kafin a zo wurin?"

Nan take na yanke hukunci, a cire gilashi a toshe ramin yau ɗin nan. Ashe Yaya tana ji. Tana zaune daidai inda hasken ya sauka, faifan shinkafa a cinyarta, daro a gefenta yana tarar ɗigo.

Ta ce, "Auta, wa zai toshe?"

Da furfurata da jikokina, wai Auta, a gaban maƙwabcina kuma.

Na ce, "Yaya, azara ce za ta faɗo miki."

"To gyara azarar. Idona ya yi rauni. Kafin yaron nan ya huda, da rana tsaka laluben carbina nake yi a ɗakin nan. Yanzu ina ganin baƙin Alƙur'ani, ina tsince tsakuwa. Kai ka taɓa zuwa ka tambayi yadda nake gani? Hasken nan ka bar mini shi."

Sai na juya na ƙara yi wa Habu faɗa.

Haka tafiyar yini ta zama ta kwanaki. Muka kira maginin garin, aka ɓamɓare siminti, aka sauya azara. Aka ɗaga wa ramin baki kamar na rumbu, aka jingina gilashin a karkace yadda ruwa zai zame, aka buɗe indararo. Sai makuba, wato ɓawon ɗorawa da ake jiƙawa a yi yaɓe da shi don ruwa ya kasa ratsa ƙasa. A garin da muka yi wasa a ƙarƙashin ɗorawa, sai da muka je ƙauye na gaba kafin mu samu wajen wata tsohuwa. Duk an sare an yi gawayi! Ni da ciwon bayana na cuɗa ƙasa, maƙwabcina yana inuwa yana ba da shawara da rake a baki.

Ranar da za mu taho hadari ya haɗo, aka tsuge da ruwa irin na Doguwa. Muka zauna muka zuba wa daron ido. Indararo yana ta ambaliya a waje, daro ko ɗigo. Yaya ta ɗaga kai ta dubi gilashin, ta ce, "Kai, Allah ya yi wa Habu albarka, yaron nan akwai basira."

Habu! Ni kuwa ko sannu.

Mun iso Kano bayan la'asar, bayana kamar an daka. Abin da na koyo shi ne, huda rufi ba laifi ba ne idan ka fara tambayar ruwa ta ina zai bi, kuma wanda yake zaune a ɗaki ya fi mai hawa tsani sanin abin da ɗakin ya rasa. Na shiga gida na tarar da maiɗakina tana neman allura da fitilar waya, ga rana a waje. Ta ce yaya aka ƙare da soron? Na dubi rufinmu, na taɓa bayana, na ce mata an toshe.